Ba manyan kalmomi ke kayar da yaranmu a Turancin JAMB da WAEC ba

Wata Asabar da safe, a ajin lesin da nake koyarwa a Kano, na rubuta gajeriyar jimla a allo: "My uncle gave me some useful ____." A ƙasa na jera amsoshi huɗu: advice, advices, advise, advises. Akwai wani yaro mai zama a bencin gaba, mai ƙoƙari ne ƙwarai, yana da littafin rubutu da ya cika maƙil da manyan kalmomin da ya kwafo daga ƙamus, irin su "magnanimous" da "ubiquitous", ya kuma haddace su kamar karatun allo. Shi ya fara ɗaga hannu, ya ce "advices". Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Malam, ai an ce some, ka ga ke nan shawarwarin suna da yawa." Rabin ajin suka gyaɗa kai.

Yaron ba shirme ya yi ba. Tunani ya yi, mai kyau ma kuwa, sai dai da Hausa ya yi shi. Mu muna da shawara da shawarwari, bayani da bayanai, kaya da kayayyaki. Bature kuwa "advice" a wurinsa kamar ruwa ne ko gari, ba a ƙirga shi, ba ya ɗaukar jam'i. Haka "information", "furniture", "equipment" da "luggage". Wanda ya tsara tambayar ya san da wannan ramin, shi ya sa ya ajiye "advices" a bakinsa. Abin da na daɗe ina son iyaye da malamai da su kansu ɗalibai su gane ke nan: kurakuran ɗan Hausa a jarrabawar Turanci ba barkatai suke ba. Hanya ɗaya suke bi, kuma hanyar daga Hausa ta taso. Wanda ya san inda harshensa ya saɓa da Turanci ya riga ya san inda aka haƙa masa rami.

Bari mu fara duba ita kanta jarrabawar. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu gaba ɗaya kan kwamfuta tun 2015. Ɗalibi yana amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku da ya zaɓa. In ka raba, daƙiƙa 40 kowace tambaya ke samu. Maki 100 cikin 400 na Turanci ne, kuma shi kaɗai ne darasin da ya hau kan kowa, mai son likitanci ne ko mai son lauya. A WAEC takarda uku ce: ta zaɓin amsa mai tambayoyi 80, ta insha'i da fahimtar rubutu da taƙaitawa, sai ta furuci mai tambayoyi 60. Ba tare da kiredit a Turanci ba, ƙofar jami'a a rufe take. Da aka fitar da sakamakon farko na JAMB a 2025, fiye da ɗalibai miliyan 1.5 cikin kusan miliyan 1.95 ba su kai maki 200 ba. Ba zan ɗora wa Turanci laifin duka ba, amma a tuna cewa tambayar Kimiyya da ta Gwamnati ma da Turanci ake yin su. Yaron da bai lura da "except" ko "not" a ƙarshen tambaya ba zai faɗi abin da ya sani sarai.

A nahawu aka fi zubar da maki a banza, don haka a nan zan fi daɗewa.

Aikatau ɗin Hausa mai faɗi ne. Kalma ɗaya tak, "ji", muna jin magana da ita, mu ji wari, mu ji zafi, mu ji daɗin miya, mu ji Larabci. Bature ya raba wannan aiki wa kalmomi biyar: hear, smell, feel, taste, understand. Daga nan "I am hearing smell" ta samo asali. Muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha mangwaro, mu sha wahala. A Turanci magani "take" ake yi masa, mangwaro "eat". Sai "ara": da ita muke karɓa, da ita muke bayarwa, shi ya sa "ara mini biro" ke komawa "borrow me your pen", alhali mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa ne ke "borrow". Wannan tambaya ba ta tsufa, shekara da shekaru tana dawowa da sabuwar riga.

Sai batun lokaci, wanda ya fi duka wahalar ganewa domin ba a kalma yake ba, a tsarin harshe yake. Hausa ta fi damuwa da ko aiki ya kammala ko yana ci gaba. "Na ci abinci" ta wadatar, ko yanzu ka ajiye cokali ko tun jiya. Turanci kuwa sai ya tambaye ka: "I ate", "I have eaten" ko "I had eaten"? Ƙa'idar da nake ba ɗalibaina gajeriya ce: da zarar an ambaci lokacin da ya wuce, kamar yesterday ko last week, to "have" da "has" ba su da mazauni. "He has come yesterday" kuskure ne, "He came yesterday" ce daidai. A ɗaya gefen kuma, "ina" ɗinmu tana jan mu zuwa "-ing" ko'ina. "Ina da mota" sai ta zama "I am having a car", "ina ganewa" ta zama "I am understanding". Akwai rukunin aikatau na Turanci da ke nuna hali ko mallaka, irin su know, understand, own, belong, want, waɗanda a ma'anarsu ta yau da kullum ba sa ɗaukar "-ing". Ba su da yawa, zama ɗaya ya isa a san su.

'Yan ƙananan kalmomin nan, in da on da at, su ne ƙaya. Mu "a" ɗaya ta ishe mu: a Kano, a ranar Litinin, a gida. Su kuwa "in Kano", "on Monday", "at home". Muna tattaunawa a kan magana, sai yaro ya rubuta "discuss about", alhali "discuss" ba ta son rakiya. Muna shiga cikin ɗaki, sai ya rubuta "enter inside the room" maimakon "enter the room". Mun fi son shayi fiye da koko, sai "prefer tea than" ta fito, alhali "to" ce abokiyar "prefer". Waɗannan ba su da wata dabara mai zurfi. Kowace kalma da abokiyar tafiyarta, tare ake koyon su: congratulate on, accuse of, good at, depend on.

Akwai kuma "ko?" ɗinmu. Kowace magana muka yi sai mu rufe da "ko?" ko "ko ba haka ba?" Ɗalibi ya ɗauka "isn't it?" ita ce "ko?" ta Turanci, sai ya liƙa ta a wutsiyar kowace jimla. A Turanci wutsiyar daga jikin jimlar ake yanko ta: "She came, didn't she?", "You can't swim, can you?" Wanda ya fi wannan rikitarwa shi ne amsar tambaya mai korewa. In aka ce maka "Ba ka ci abinci ba?" kuma ba ka ci ba, "E" za ka ce, wato e, maganarka haka take. Bature "No, I haven't" zai ce. "Yes, I haven't" ba ta wanzu a Turancin jarrabawa, amma kullum tana cikin zaɓin, tana jiran Bahaushe.

Kada a ɗauka Hausa cikas ce kawai. Akwai wuraren da take ba mu fifiko, kuma ba kasafai ake gaya wa yara ba. Muna bambanta shi da ita, ya da ta, tun muna goye, abin da wasu manyan harsunan Najeriya ba sa yi a wakilin suna, don haka "he" da "she" ba sa ba mu wahala. "One of the boys is here" tana kayar da mutane da yawa saboda sun ga "boys" sai su sa "are". Bahaushe ya fassara kawai: ɗaya daga cikin yaran ya zo, ba sun zo ba. Hatta "I suggest that he go", wadda ake ganin baƙuwa ce saboda babu "s" a jikin "go", daidai take da "ina ba da shawara ya tafi". Ina takaicin yadda a wasu makarantu ake cin tarar yaro don ya yi Hausa a aji, alhali da an zaunar da shi an jera masa harsunan biyu gefe da gefe, da ya fi saurin kamawa.

Mu koma salon magana, abin da Bature ke kira idiom. Duk lokacin da na zo wannan darasi nakan fara da tambayar ajin: in kuka ce wa Bature wance tana da farin jini, me zai yi? Sai su yi dariya su ce asibiti zai kai ta. To hannun jarirai fa? Ruwan ido fa? Cin fuska? Nan take suke gane cewa salon magana ba a fassara shi kalma da kalma, dunƙule ake ɗaukarsa. "A white elephant" ba giwa ba ce, abu ne da aka kashe wa dukiya mai yawa ba ya tsinana komai. "Red tape" jan ƙafar ofis ne da yawan cike-cike. "Once in a blue moon" shi ne jefi-jefi. "To bury the hatchet" sulhu ne. A tambayar fassara jimla, amsar da ta ɗauko kalmomin jimlar ta maimaita su kai tsaye kusan kullum tarko ce.

Amma babbar matsalar a nan ba rashin sani ba ce, sanin gurguwar siga ce. Turancin da ake yi a titunan Najeriya ya gyara wasu maganganun Bature ya mayar da su nasa. Kowa na cewa "cut your coat according to your size", asalin kuwa "cloth" ne, wato ka yanka riga daidai da yadin da kake da shi. Ana cewa "more grease to your elbow", na Ingila "more power to your elbow" ne. Ana cewa "birds of the same feather", a jarrabawa "birds of a feather" ake so. Mai jawabi zai ce bari ya yi "round up", alhali kammalawa "round off" ce, "round up" kuwa kamen 'yan sanda ne ko tattaro dabbobi. Yaro ya ji waɗannan a rediyo, ya ji a bakin manya masu digiri, to me zai sa ya yi shakka?

Ni ban ɗauki Turancin Najeriya a matsayin abin kunya ba. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga Najeriya, ciki har da okada, danfo, "next tomorrow" da Kannywood. Harshe ne mai rai, yana da masu shi. Sai dai mai tsara tambayar JAMB da WAEC da ma'aunin daidaitaccen Turancin Birtaniya yake awo. Dole ɗalibi ya riƙe biyun, ya san wanda ake shiga kasuwa da shi da wanda ake shiga ɗakin jarrabawa da shi, kamar yadda ya san Hausar da yake yi da abokansa a majalisa ba ita yake yi a gaban surukinsa ba.

Yanzu ga batun tara kalmomi, inda yaron bencin gaba ya zuba duk ƙarfinsa. Haddar ƙamus ba ta kai mutum ko'ina, domin kalmar da aka haddace ita kaɗai ba ta zama. Akwai hanya mafi sauƙi, kuma duk wanda ya yi makarantar Islamiyya ya riga ya san ta. Dubi hukunci, hukuma, hakimi, hikima. Duk daga saiwa ɗaya ta Larabci suka fito, in ka san ɗaya ka hango sauran. Turanci ma haka yake. Tun da Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da Latin suka cika harshen, suka zauna a kan na gida. Shi ya sa ake da "buy" da "purchase", "begin" da "commence", kamar yadda muke da sani da ilimi, mutuwa da wafati. Manyan kalmomin jarrabawa galibi daga wannan rukuni na biyu suke, kuma suna da saiwa. "Bene" alheri ne: benefit, benefactor, benevolent. "Mal" sharri ne ko lalacewa: malice, malnutrition, malevolent. "Cide" kisa ne: homicide, suicide, pesticide. "Cred" yarda ce: credible, incredible, credulous. Saiwa talatin da ɗafa-goshi ashirin, wato guntayen da ake liƙawa a farkon kalma, sun fi kalmomi dubu da aka haddace ba a san danginsu ba.

Sai dai a yi hattara, nan ma akwai ramuka. Ɗafa-goshin "in" yakan kore ma'ana, amma "invaluable" ba marar daraja ba ne, abu ne da darajarsa ta wuce a yi mata kuɗi. "Inflammable" mai saurin kama wuta ne. "Infamous" sananne ne, amma da mugun abu. Sannan kalma ɗaya takan canza fuska gwargwadon jimla: "sanction" tana nufin amincewa, tana kuma nufin takunkumi. Shi ya sa tambayar ba ta cewa mene ne ma'anar kalma, cewa take wace ce ta fi kusa da ma'anarta a wannan jimlar. Wani abin da ke ci mini rai shi ne yadda yara masu sani ke faɗuwa a sashen kishiyar kalma. An ce a kawo "opposite in meaning", amma a cikin zaɓin an ajiye kalma mai ma'ana ɗaya da ita. Yaro na sauri, ya ga abin da ya sani, ya danna, ya wuce yana murna. Umarnin da ke saman tambaya bai karanta ba.

A sashen cike gurbi kuma, kalmomin fanni ake gwadawa: na kotu, na asibiti, na banki, na noma. Amsoshi huɗun duk za su yi kama da daidai, ɗaya ce kawai masu sana'ar ke faɗa. Mu ma mun san mutum rasuwa yake yi, akuya ce ke mutuwa. Wannan ba ya samuwa sai da karatu. Jarida ɗaya ta Turanci a mako, a karanta ta har shafin kasuwanci da na lafiya da rahoton kotu, ta fi wani littafin lesin amfani.

Sashen furuci shi ne yara suka fi tsoro, har wasu sukan bar shi ga canki-canka. Gaskiya akwai wahala. Hausa ba ta bambanta "p" da "f", don haka "pan" da "fan" ɗaya suke a kunnenmu, haka "v" da "b". Ba ma son baƙaƙe su cunkushe ba wasali, shi ya sa "bread" ya zama burodi, "brake" ya zama burki. Kuma mun saba abin da aka rubuta shi ake furtawa, sai ga "b" a debt da plumber, "p" a receipt, "t" a listen, "w" a sword, duk suna zaune shiru. Amma jarrabawar a rubuce take, ba wanda zai ce ka buɗe baki. Sanin ƙa'ida ake nema. Kuma kunnen da ke bambanta gari na mutane da gari na tuwo, da tsawon wasali kawai, ba zai kasa bambanta "ship" da "sheep" ko "full" da "fool" ba. Kunnen da ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya zai iya jin inda aka danna gaɓa a "REcord" na suna da "reCORD" na aikatau.

Wanda na fi jin daɗin koyarwa shi ne tambayar da ake rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, a ce a zaɓi tambayar da jimlar ke amsawa. Misali "MUSA bought the car." Yara sukan ruɗe, har sai na ce su mayar da ita Hausa. Musa ne ya sayi motar. To wace tambaya ce za ta sa mutum ya ce "A'a, Musa ne"? Sai wani ya ce, "Malam, in an ce Audu ne ya saya." Shi ke nan, amsar ita ce "Did Audu buy the car?" Abin da Bature ke yi da ɗaga murya, mu da "ne" da "ce" muke yin sa. In an ƙarfafa "CAR", mota ce Musa ya saya, ba babur ba. Tun daga ranar da aji ya gane wannan, da wuya su sake faɗuwa a irinta.

Insha'in WAEC zan taɓa shi a gurguje. Ana son kalmomi kusan 450, kuma cikin maki 50 an ware 10 don tsabtar rubutu, inda kowane kuskuren nahawu ko harafi ko alamar rubutu ke cin rabin maki. Kuskure ashirin sun share goman. Yaron da ya cusa manyan kalmomin da bai mallaka ba yana ƙara wa kansa wuraren faɗuwa ne. Gajerun jimloli masu tsabta sun fi kawo maki. A kuma bar "u" da "bcos" a WhatsApp.

Tsofaffin tambayoyi suna da amfani matuƙa, amma ba yadda ake amfani da su ba. Yawancin yara amsa suke haddacewa: lamba 12 C ce. Abin da nake sa ɗalibaina shi ne kowa ya sayi littafin rubutu guda, ya raba kowane shafi gida uku. Gidan farko abin da ya zaɓa, na biyu amsar daidai, na uku dalilin da ya sa ya faɗi, kuma na ukun da Hausa nake so a rubuta shi, don kada a ɓoye rashin fahimta a bayan Turanci. Su yi tambayoyi 60 da agogo a gabansu, minti 40, a kwamfuta in da hali, don hannu ya saba da danna A, B, C, D da N na wucewa gaba kafin ranar. Bayan mako uku wata ɗaliba ta kawo mini nata. Muka bi gidan na uku tare, layi bayan layi. Ta ɗauka ba ta iya Turanci ba ne gaba ɗaya, sai ga shi kusan duk faɗuwarta a wuri uku take: jam'in abin da ba a ƙirgawa, "have" tare da lokacin da ya wuce, da rashin karanta umarni. A gaban wata tambaya ta rubuta da jan biro: "Na san amsar, ban ga an ce opposite ba." Muka ware mako biyu a kan waɗannan ukun kaɗai.